Wa ya yi kisan? Ku ba ni shawarar littafin bincike kafin hutuna ya ƙare

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah taimako nake nema. Ina hutun haihuwa, saura min sati biyar in koma aiki, yaron nan kuma ya maida dare rana, ƙarfe biyu idonsa biyu nima idona biyu, shi ne na ɗauko wani tsohon littafi a durowar Baban Hanif, And Then There Were None na Agatha Christie. Jama'a kwana biyu kacal na cinye shi. Mutum goma a tsibiri ana ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kuma babu wani baƙo a wurin sai su kaɗai, wlh har tsoron zuwa kicin ɗauko ruwan zafi na dinga ji. To yanzu so nake a ba ni irin mai jerin nan, wanda mai binciken ɗaya ne kana binsa littafi bayan littafi har ku saba. Sharaɗina biyu ne, banda batsa, banda jini mai yawa, mai jego ce ni.

Admin: Wa'alaikumussalam Maman Hanif, Allah ya raya mana. Kafin a fara ina tunatarwa, duk wanda ya fasa ƙwai ya faɗi makashi zan goge, in ya maimaita zai yi kwana uku a waje. Mun sha wannan rigimar a baya.

Bokar Turai: Allah ya raya Anti. Ai kin riga kin shiga gida ta ƙofar gaba, kar ki wahalar da kanki, ki zauna wajen matar nan. Masu bincikenta biyu ne manya. Akwai Poirot, ɗan Beljiyam mai gashin baki da ji da kai, shi littafi 33 ne, na farkonsa ya fito 1920. Sai Miss Marple, tsohuwa ce a ƙauye tana saƙarta tana jin gulmar gari, ita 12 ne. Tunda ba kya son jini ki fara da tsohuwar. In Poirot kike so ki ɗauki Murder on the Orient Express, jirgin ƙasa ya maƙale a dusar ƙanƙara an wayi gari da gawa a ɗaki, kowa a taragon abin zargi ne.

Bokar Turai: Kuma ni abin da ya sa nake sonta daban ne, aikina ne haɗa magani. Christie ta yi aiki a ɗakin ba da magani lokacin yaƙin duniya na ɗaya, shi ya sa in ta rubuta guba ba shaci-faɗi take ba, alamomin da mutum zai nuna daidai suke. Har akwai abin da ya faru a Landan a 1977, an kawo wata jaririya daga Qatar ba a gane ciwonta ba, wata nas da ke karanta The Pale Horse ta ce alamomin sun yi kama da na gubar cikin littafin, aka gwada aka ga ita ce, yarinyar ta rayu. Ba zan faɗi sunan gubar ba kar Admin ta kore ni.

Tsohon Hedimasta: Allah ya raya, 'yata. Ni dai ku yi min afuwa, Christie ba ta taɓa shiga raina ba. Mutane sun zauna a falo suna shan shayi, an kashe mutum a sama amma kowa na cewa don Allah miƙo min sukari. Mu zamaninmu James Hadley Chase ne. Duk ɗan sakandaren da ya yi makarantar kwana a shekarun 1970 zuwa 1980 ya san shi, littafi ɗaya sai ya zaga aji gaba ɗaya har bangon ya cire, dama mu da kanmu muke cire bangon ko mu lulluɓe shi da takardar siminti saboda hotunan matan da ke jiki, in malamin diyuti ya kama ka ka shiga uku. A nan da yawanmu muka koyi Turanci, ba a aji ba.

Maman Hanif: Amin Baba na gode. Amma kai da bakinka ka ce sai an rufe bango, anya ya cika sharaɗina kuwa? 😂

Tsohon Hedimasta: Bai cika ba kam, gaskiya ɗaya ce. Ba ke nake ba shawarar ba, tuna baya kawai nake. Abin dariyar ma mutumin Bature ne ɗan Ingila, sunansa na gaskiya René Raymond, amma yawancin labaransa a Amurka yake kafa su, da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan Amurka ya dinga aiki. Mu kuwa a lokacin mun rantse a can aka haife shi. Littafi wajen 90 ya rubuta.

Basakkwace: To ni dai ban ga mi kuka gani ga tsohuwar ga Christie ba. Na karanta The Murder of Roger Ackroyd, ina kai ƙarshe na jehwa shi bisa gado don haushi, ashe wanda yak kashe mutumen shi ne

(an goge wannan saƙon)

Admin: Basakkwace!! Gargaɗi na farko.

Basakkwace: Haba Hajiya, littahin da ya hito 1926? Kakata ma ba a haihe ta ba. In mutum bai karanta ba hal yau ai laihinai ne.

Bokar Turai: Ko shekara dubu ya yi, wanda bai karanta ba sabo ne a wajensa. Kuma haushin da ka ji shi ne daɗin littafin, koma ka sake karantawa a hankali za ka ga ba ƙarya ko ɗaya da aka yi maka, komai an ajiye maka a gabanka kai ne ka tsallake.

Maman Hanif: Alhamdulillah ina canza wa yaro kunzugu ban gani ba. Allah ya saka Admin.

Anti Marubuciya: Sannunku. Na shigo na ga tun ɗazu sunayen Turawa kawai ake jerawa kamar mu ba mu da marubuta. Maman Hanif ba ta ce dole sai na Turanci ba fa.

Maman Hanif: Wlh Anti da zan samu na Hausa ma na fi so, don da dare in ido ya gaji Turancin nan sai ya dinga yi min rawa. Amma ni duk wanda na ɗauko a waya ko ya fara da kisa, kafin shafi na ashirin ya koma rigimar kishiya, gawar ma an manta da ita.

Anti Marubuciya: Hhh ba ki yi ƙarya ba amma ba duka ba. Nemi littattafan Bala Anas Babinlata, nemi na Nazir Adam Salih irin Kibiyar Ajali, waɗannan ba ruwansu da zaman falo, za ki ji zuciyarki na bugawa. Maza da yawa da ke cewa ba sa karanta littafin Hausa a ɓoye sun karanta waɗannan.

Tsohon Hedimasta: In an koma baya kuma akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina wanda ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci, duk na farkon shekarun 1980 ne. Kai tun gasar 1933 ma da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi ne. Sannan na Turanci da 'yan Arewa suka rubuta a jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, irin The Undesirable Element na Mohammed Sule da The Black Temple na Mohammed Tukur Garba. Ƙanana ne, zama ɗaya ka gama.

Ɗan Zariya: Baba Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan ja da ku kai da Anti. Duk waɗannan da kuka lissafa labaran laifi ne ko na tashin hankali, ba na bincike ba ne. Bambancin a fili yake. A labarin laifi kana tare da ɓarawon ko ɗan dabar kana kallon abin da yake yi, abin da kake jira shi ne yaushe dubunsa za ta cika. A na bincike kuwa an rufe maka fuska, marubuci ya zuba maka alamu ya ce bismilla, in ka isa ka riga mai bincikena ganowa. Wasa ne tsakanin kai da marubuci kamar dara. Abin da Maman Hanif ke nema kenan, kuma ni dai a iya karatuna ban ci karo da wani mai bincike Bahaushe guda ɗaya da aka yi masa jerin littattafai har ya zama sunansa a bakin kowa kamar Sherlock Holmes ba. In akwai a nuna min in saya gobe.

Anti Marubuciya: To sannu farfesa. Kai me ya hana ka rubutawa?

Ɗan Zariya: Ni makaranci ne Anti, mai cin tuwo ba dole ya iya tuƙi ba amma ya san in ya yi gudaji 😄

Anti Marubuciya: Bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba tunda ni ce a cikin harkar. Na taɓa gwadawa. Na fara wani labari a guruf ɗina, an tsinci gawar wani ɗan kasuwa a shagonsa, na yi shafi goma sha biyu ina ta ƙulla abu, wlh comment ɗin da nake samu bai wuce a ƙirga da yatsu ba, mai cewa Anti yaushe za a shigo da budurwar, mai cewa wai ɗan sandan yana da aure? Ranar da na sa ɗan sandan ya haɗu da ƙanwar mamacin wayata har zafi ta yi don saƙo. Mu kuma da kuɗin karatun nan muke sayen data da omo. Masu biya su ke da labari, kuma masu biya soyayya suke so.

Bokar Turai: Wannan gaskiya ne amma ni ina ganin akwai abin da ya fi kasuwa. Ku duba yadda labarin Turawa ke tafiya, an samu gawa, an killace wurin, likita ya buɗe ta ya ce ta mutu tsakanin ƙarfe kaza da kaza, an samu abu kaza a cikinta. Mu kuwa mutum ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma haka addini ya koyar a gaggauta. Wa zai tunkari iyali ya ce a dakata a yanka mahaifinku? Ko an ga alamar tambaya sai babban gida ya ce kwana ne ya ƙare, mun bar wa Allah. To mai bincikenka daga ina zai fara, gawa tana ƙasa, ɗakin an share an yi turare an shimfiɗa tabarmin zaman makoki?

Ɗan Zariya: Yauwa. Ga kuma wata, in ka sa ɗan sanda ne jarumin, rabin masu karatu sun riga sun daina yarda da labarin tun shafin farko.

Malam Ba'azhare: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina ganin kuskuren shi ne ɗauka cewa sai da likitan gawa da gilashin ƙara girma ake bincike. Ku ɗauki ƙissar Annabi Yusuf alaihis salam, ba ina haɗa Alƙur'ani da littafin hira ba ne, Allah ya tsare, misali nake ba ku na hujja da alama. Mai shaida ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ga mai gaskiya, in ta baya ta yage ga mai gaskiya. Babu wanda ya ga abin da ya faru amma riga ta yi magana. Sannan akwai Iyas bin Mu'awiya alƙalin Basra, wanda ake buga misali da kaifin basirarsa. Wani ya kawo ƙara ya ce ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, abokin ya ce shi bai ma san bishiyar ba. Iyas ya ce wa mai ƙara tafi wajen bishiyar ko za ka tuna wani abu, ya bar ɗayan a zaune ya ci gaba da sauraron wasu shari'u, can sai ya juyo kamar ba komai ya ce kana ganin ya isa wurin yanzu? Mutumin ya ce a'a ai da nisa. Shi kenan ya kama kansa. Wannan ai shi ne abin da Poirot ɗin naku ke yi, sai dai shi da gashin baki.

Tsohon Hedimasta: Allah ya gafarta malam, irin wannan hikimar alƙalai ai cike take a bakin tsofaffinmu, kowane gari da labarin alƙalinsa mai wayo.

Malam Ba'azhare: Ƙwarai. A Dare Dubu Da Ɗaya ma akwai labarin tuffa uku, masunci ya jawo akwati a kogin Dijla, Haruna Rashid ya sa aka buɗe sai ga gawar mace, ya ba waziri Ja'afar kwana uku ya kawo makashi ko a rataye shi. Kuma Maman Hanif in yaranki sun taso suna Islamiyya mai ƙarfi, a Masar akwai ƙananan littattafan yara da suke kira algaz, na Mahmud Salim, yara biyar da karensu a unguwar Ma'adi suna warware sirri. Da su na gyara Larabcina na yau da kullum lokacin ina Alƙahira, fiye da littattafan nahawu in faɗa muku gaskiya.

Ɗan Zariya: Malam na yarda da Iyas ɗari bisa ɗari, amma Ja'afar ɗin nan a cire shi a layin masu bincike. Mutumin da aka ba kwana uku ya tafi gida ya zauna yana jiran mutuwa, bai tambayi kowa komai ba, sa'a ce kawai ta cece shi har sau biyu. Wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya rubuta dokoki goma na irin wannan labarin a 1929, a ciki akwai cewa kar sa'a ta taimaki mai bincike, dole makashi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kar a fito da tagwaye ba tare da an sanar ba, kuma babu aljani babu tsafi. Wannan ta ƙarshen ita ce ke kashe mu. Marubucinmu zai ƙulla abu ya ƙullu har ka gyara zama, da ya rasa hanyar fita sai ka ji ashe aljana ce ta aure shi, ko boka ne ya yi turen. To ni me zan yi da alamun da na yi ta tarawa?

Basakkwace: Kai Ɗan Zariya, aljannu dai akwai su, ko kana musu?

Ɗan Zariya: Ban musa ba, Alƙur'ani ya faɗa. Cewa na yi ba a buga dara da wanda zai iya ɓacewa da 'ya'yan.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina gaida kowa daga wannan ɓangare. Mu nan da Faransanci muka taso, tun muna lakwal Maigret muke karatu, na Georges Simenon, shi ma ɗan Beljiyam ne marubucin, littafi 75 ya yi ma kwamishinan nan mai lofe. Shi Maigret ba ruwanshi da wayon tsiya, zama yake cikin mutane yana shan abin shanshi har ya gane mi ya kai mutum ga kisa. Amma kan maganar aljannu da kuke, ku nemi Moussa Konaté na Mali, Allah ya jiƙanshi ya rasu 2013. Yana da kwamishina Habib da yaronshi Sosso. A ɗaya an aike su ƙasar Dogon, a wani kuma cikin masunta Bozo na bakin kogin Isa (Neja), mutane na mutuwa kowa na cewa abin gargajiya ne ba a taɓawa. Marubucin bai raina imanin mutane ba, kuma bai bar kwamishinan ya naɗe hannu ba. To in Bamako ta iya mi zai hana Kano ko Damagaram?

Bokar Turai: Ai Conan Doyle mai Sherlock Holmes ma ya yi wannan a The Hound of the Baskervilles, duk gari sun yarda karen aljanu ne ke bin zuri'ar gidan. Tsoron mutane shi ne mayafin da mai laifi ke lulluɓa da shi. Ka ga a nan in an ce gidan nan akwai mutanen ɓoye ba wanda zai ƙara leƙawa, wace maɓoya ta fi wannan?

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Namu na nan shi ne Kwei Quartey, likita ne ma. Insfekta Darko Dawson, na farko Wife of the Gods 2009, an tura shi daga Ankara (Accra) zuwa wani ƙauye a yankin Volta kan mutuwar wata ɗalibar likitanci, ya tarar da al'adar ba da 'yan mata ga wurin tsafi. Yana da wani jerin kuma na mace, Emma Djan, na farkon kan yaran sakawa ne masu damfara ta intanet. Amma Maman Hanif akwai wurare masu ɗan nauyi a ciki, ki bari sai kin yi arba'in.

Maman Hanif: Arba'in ai na wuce tuni, tsoro ne dai bai wuce ba 😅 Ina ta rubutawa a bayan katin rigakafi, har ya kusa cika.

Uwar Biyu: Ni ban iya dogon bayani ba. Ki nemi The No. 1 Ladies' Detective Agency, na Alexander McCall Smith. Mata ce a Botswana, Mma Ramotswe, babanta ya rasu ya bar mata shanu ta sayar ta buɗe ofishin bincike. Ba jini ba batsa, matsalolin ma irin namu ne, miji ya ɓata, wani ya zo yana cewa shi ne uban wata, ana zargin mai aiki. Tana shan shayinta tana tuƙa 'yar farar motarta. Ya fi littafi ashirin yanzu, ni lokacin da nake goyon 'yan biyu shi ya riƙe ni. In kin karanta sai kin ga kamar wata gwaggonki ce.

Ɗan Zariya: Wannan ai ba ƙulli a ciki, tun rabi ka gano komai.

Uwar Biyu: Mai jego aka ce maka, ba mai rubuta jarrabawa ba.

Anti Marubuciya: Ku tsaya ku tsaya. Maganar Uwar Biyu da ta Bokar Turai sun haɗu sun tayar min da wani abu a kai. Kun ce an binne gawa kafin azahar ba likitan da ya gani. To amma akwai wadda ta gani ai. Mai wankan gawa! Tsohuwar da ake kira duk unguwa in mace ta rasu, ita kaɗai ce ta ga jikin, ta ga shatin da ke wuya ko launin farce, kuma an san ta da rufin asiri ba ta faɗa, don amana ce. To ranar da ta ga abin da ya hana ta barci fa? Ta faɗa ta ci amanar aikinta, ta yi shiru ta bar mai kisa yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida.

Bokar Turai: Anti!!! Tsigar jikina ta tashi wlh.

Anti Marubuciya: Kuma ba ita za ta dinga yawo ba, tsohuwa ce ƙafa ta yi nauyi. Ƙawarta dillaliya ce za ta zama ƙafarta, wa ke hana dillaliya shiga gida? Har ɗakin amarya har ƙuryar uwargida, ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye ranar Talata, ta san wadda ta sayi sabon kwano alhali mijinta na kukan babu. Ɗan sanda sai ya yi sallama a zaure a ce masa matan aure ne a ciki, ita kuwa da ƙullin atamfofinta har gado.

Malam Ba'azhare: Tsarin ya yi kyau, sai dai ki kula da hukuncin. Asali mai wanka ana so ta suturta abin da ta gani na aibin mamaci, amma alamar zalunci da aka yi wa mamacin wani abu ne daban, wannan haƙƙi ne. Ki sa ta je ta tambayi malami a cikin labarin, kar ki yanke da kanki, zai ma ƙara wa labarin nauyi.

Tsohon Hedimasta: Ki sa wanzami ma 'yata, da mai unguwa. Wanzami yana jin abin da maza ke faɗa in an kwantar da kai ana aski. Mai unguwa kuma shi ne zai ce a bar maganar kar a ɓata zumunci, kin samu mai taka birki kenan.

Ɗan Zariya: Na cire hula. Amma sharaɗi ɗaya Anti, in na kai shafin ƙarshe na tarar aljani ne ya shaƙe ta, ni da ke sai a gaban alƙali. Kuma kar dillaliyar ta auri ɗan mamaciyar.

Anti Marubuciya: Aure kam sai an yi ko ɗaya ne, in ba haka ba wa zai biya ni? Amma zan ajiye shi can gefe, ba zai taɓa gawar ba.

Basakkwace: Ni na riga na san wanda yak kashe ta, kishiya ta.

Anti Marubuciya: Abin da nake so kowa ya zata kenan, na gode da ka nuna min tarkon zai kama.

Ɗan Zongo: Kafin a watse, wanda ke son na Najeriya da Turanci kuma zuciyarsa na da ƙarfi akwai Lightseekers na Femi Kayode, 2021. Ɗalibai uku jama'a suka kashe a wani garin jami'a kusa da Fatakwal, kowa ya ga bidiyon, an san hannun da ya yi, abin da ake nema shi ne me ya sa kuma wa ya kunna wutar. Ya tuna min da kisan ɗaliban da aka yi a Aluu 2012. Ba na mai jego ba ne sam.

Ɗan Zariya: Irin wannan juyin akwai na wani ɗan Japan, Keigo Higashino, The Devotion of Suspect X. Tun farkon littafi an nuna maka wadda ta yi kisan, maƙwabcinta malamin lissafi ya ce bar min komai, kai kuma ka zauna kana ganin ka san komai har ƙarshe ya zo ya mare ka. Masu kallon fim ɗin Indiya, Jaane Jaan na Kareena Kapoor daga shi aka ɗauko.

Maman Hanif: Kai jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Ga abin da na yanke, zan fara da matar Botswana saboda dare, Miss Marple kuma da rana in an samu wuta na yi wanki na huta. Jirgin ƙasan nan sai Baban Hanif yana gida. Sauran na ajiye sai yaro ya fara zama. Yanzu matsalar a ina zan samu, don masu sayar da tsofaffin littattafai na bakin titi da na sani duk sun koma sayar da caja da gilashin waya.

Uwar Biyu: Ina da guda huɗu na farko, in kina Kaduna ki min magana ta gefe in ba direban makarantar yara ya kawo miki. Amma amana, don na uku har yanzu da shatin koko a jiki, 'yan biyu ne suka yi min.

Tsohon Hedimasta: Tunda an zo maganar aro, wanda na ba Chase ɗina guda biyu a taron da muka yi bayan sallar layya shekara uku kenan, yana cikin guruf ɗin nan kuma ya yi magana yau. Ba zan kama suna ba.

Bokar Turai: To ga shari'ar farko ta samu. Baba ba mu alamu.

Tsohon Hedimasta: Ya ce min zai dawo da su "in sha Allahu bayan sati guda, wallah ba ni mancewa".

Basakkwace: Baba ai guda ɗai ne, na biyun ba ni ad da shi ba.

Malam Ba'azhare: Bishiyar da nisa kenan.

Admin: 😂😂 Basakkwace ka kai wa Baba littafinsa kafin Juma'a. Anti Marubuciya kuma muna jiran shafin farko, a nan za ki fara sakawa ba a guruf ɗin kuɗi ba.

Anti Marubuciya: Shafi uku kyauta, daga nan kowa ya nemi lambar asusu. Wa ya san sunan da ya dace da tsohuwar? Ina so ya zama irin sunan da in an ji an san ta haura saba'in.